Jagora ga Masu Son Shirya Gajeren Fim na Ban Tsoro da Ban Dariya Cikin Awa 48

A shekarar 2001 waɗansu mutum biyu a birnin Washinton na ƙasar Amurka, Mark Ruppert da Liz Langston, suka ƙago wata gasa ta masu shirya fim wadda suka raɗa wa suna 48 Hour Film Project, tun daga nan kuwa ta yi ta yaɗuwa har ta kai birane fiye da 100 a sassan duniya, ta kuma haifar da waɗansu gasanni masu bin sawunta. Ƙa'idarta ba ta da wuyar fahimta, wuyar sai an zo aiki. Ran Jumma'a da maraice kowace ƙungiya takan tura wakilinta ya ja ƙuri'a, ya ga irin labarin da ya faɗo musu, ko na soyayya ne, ko na bincike, ko na ban tsoro, ko na barkwanci. Sa'an nan masu gasa su shelanta abubuwa uku waɗanda wajibi ne su bayyana a cikin fim ɗin kowa, watau wani mutum da sunansa da sana'arsa, da wani kaya da ido zai gani, da wata jimla guda wadda tilas wani ya furta ta, ba ragi ba ƙari. Daga wannan sa'a zuwa maraicen Lahadi za a rubuta labari, a ɗauka, a haɗa, a miƙa fim ɗin da bai gaza minti 4 ba, bai kuma zarce 7 ba. Wanda ya makara, ko da minti ɗaya ne, za a nuna aikinsa ga jama'a, amma ya fita daga sahun masu neman babbar kyauta. An halatta tanadin mutane da kyamara da wurin ɗauka tun kafin ranar. Abin da aka haramta shi ne rubutu da ɗauka da haɗawa gabanin jan ƙuri'a.

Dalilin da ya sa na ga dacewar yi wa samarin ƙasarmu sharhin wannan al'amari, musamman na Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, shi ne, irin wannan gasa tana daga cikin 'yan fagagen da mai dukiya ba ya fin mai tadbiri, gama awa 48 ba ta isa a kashe kuɗi masu yawa ko da akwai su, kuma wayar da ke aljihun saurayi a yau ta fi kyamarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta ɗauki Turmin Danya da ita a Kano a 1990 fitar da hoto. Ga kuma hujja a kusa: samarin nan na Kaduna da ake kira The Critics Company, waɗanda labarinsu ya cika duniya a 2019 saboda gajerun finafinan da suka yi da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, har a 2020 babban daraktan nan na Amurka, J. J. Abrams, ya aiko musu da kayan aiki. Kuma ba lalle sai an jira gasar ƙetare wadda ake biyan kuɗin shigarta da dala ba. Malamin makaranta guda, da hula guda da za a zuba takardun ƙuri'a a ciki, da ƙungiyoyi uku ko huɗu, sun isa a yi gasa bayan an kawar da amfanin gona, a kan waɗannan sharuɗɗa ɗin.

Haɗa tsoro da dariya tsohuwar sana'a ce. Bafaranshen nan Georges Méliès ya yi wani fim na kimanin minti 3 a 1896, wanda masana da yawa suke lissafa shi a matsayin fim ɗin ban tsoro na farko, alhali kuwa galibin abin da ke cikinsa raha ce. Sirrin kuwa shi ne, hanyar gina su guda ce. Mai fim yana ɗana baka ne, yana jan tsirkiya sannu a hankali, mai kallo yana ta jiran a saki. In kibiyar ta tafi inda yake tsoro sai ya yi kururuwa, in ta karkace ta faɗi inda bai zata ba sai ya fashe da dariya, kuma gwargwadon ƙarfin ja, gwargwadon ƙarfin abin da zai fito daga bakinsa. Saboda haka duk wanda ya kasa tsoratar da mutane a minti na biyu, to, kada ya sa ran za su yi masa dariyar kirki a minti na uku. A duba gajeren fim ɗin da David Sandberg ya yi a 2013 mai suna Lights Out, shi da matarsa Lotta Losten a cikin gidansu a ƙasar Suwidin, domin shiga wata gasa: bai cika minti 3 ba, ba kuma abin da ke cikinsa face mace tana kashe fitila ta ga inuwar wani abu tsaye, ta kunna ta ga ba kowa, ta sake kashewa. Wannan ɗan abu shi ne aka mayar babban fim a Amurka a 2016.

Amma kafin a shiga bayanin kyamara da fitila, akwai wata mas'ala wadda marubutan jagororin Turai ba su san da ita ba, mu kuwa ita ce rukuni na farko a wurinmu. Mutanen wannan yanki sun san tsoro na haƙiƙa, ba su bukatar wani ya koya musu shi. Ba wanda ya mance daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, balle abin da ƙauyuka suka sha daga nan har iyakar Tsafe da ta Birnin Gwari, wanda jarida ba ta buga ko rabinsa ba. A garin da ihu guda cikin dare yakan sa mata su goya 'ya'ya su nufi karan dawa, mai fim ba shi da hurumin yin wasa da ihu. Don haka kada a yi ɗauka a waje bayan magariba. Kada a riƙe bindiga, ko da ta itace ce, ko ta karan masara. Kada a naɗe fuska da rawani a hau babura a jere. Kada a nufi daji ko gona mai nisa neman wuri mai kwarjini. Kada kuma kyamara ta nuna hanyoyin shiga gari da wuraren da masu tsaro suke tsayawa, domin fim in ya hau intanet ba a zaɓa masa masu kallo. Ya wajaba tun mako guda kafin ranar a je wa mai unguwa da dagaci da liman, a kuma sanar da jami'an rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta kafa a watan Oktoba 2023, a faɗa musu gida kaza, rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Maƙwabta ma a bi su gida gida. Ina kuma ganin labarin 'yan bindiga gaba ɗaya bai dace da wannan nau'in fim ba, gama a cikin masu kallo akwai wadda mijinta bai dawo ba, kuma dariyar da za ta sa mutum guda ya tashi ya bar wurin yana share hawaye, mafsadarta ta rinjayi maslaharta.

To, da me za a tsorata mutane? Da abin da kakanninmu suka tsorata mu da shi muna yara, muka kuma yi barci lafiya bayansa: Dodo na tatsuniya, da fatalwa, da motsin da ake ji a kango, da ɗakin da aka ce ba a shiga, da tsohuwar rijiya. Wannan tsoro ne mai daɗi, domin kowa ya san iyakarsa. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga haɗa shi da raha, gama yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi, da gemun auduga da tsummoki da fuska shafe da gawayi, ƙanana na gudu manya na dariya, wannan sana'ar suke yi ba tare da kyamara ba. Sai dai akwai ladubban da za a kiyaye. Aljanu halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, har da sura guda da sunansu, saboda haka ba a sa ayoyi ko ruƙya a cikin abin dariya, ba a kwaikwayon jana'iza, ba a kusantar maƙabarta da kyamara. Kada kuma a gina labari a kan tsohuwar da ake zargi da maita, domin wannan ƙazafi ya raba tsofaffi da yawa da mutuncinsu, waɗansu har da rayukansu. Wanda ya cancanci a yi wa dariya shi ne matsoracin da ke cika baki, da mayaudarin da ya faɗa ramin da ya haƙa, da bokan ƙarya wanda shi ne farkon gudu.

Aikin makon da ke gabanin gasa shi ne ƙididdigar abin da ke hannu, domin a wannan fage labari ne ke bin kaya, ba a rubuta abin da sai an je Funtuwa nemansa. A rubuta a takarda: wane ɗaki aka samu aro, waɗanne wayoyi, tocila nawa, wa ke da batirin ajiya, wane mai cajin waya ne mai sola zai yarda ya ware muku soket biyu daga Jumma'a zuwa Lahadi. Mutum bakwai sun isa, watau darakta, da mai ɗauka, da mai sauti, da mai haɗa hoto, da 'yan wasa uku. Wanda ba ya gaban kyamara shi ne mai riƙe fitila. Mace ko yaro ba sa shiga sai da yardar iyaye, a rubuce, tun da galibin gasanni suna neman takardar amincewa ta kowane ɗan wasa da ta mai wurin da aka yi ɗauka. Ko sisi ba a biyan kowa bisa ƙa'idar gasar da muka ambata, amma abinci farilla ne, kuma kuɗinsa da na data da na caji su ne kusan dukkan kasafin.

Daren Jumma'a bayan isha'i shi ne lokacin rubutu, kuma mutum biyu ko uku ne za su yi shi, sauran su je su yi barci, domin labarin da mutum bakwai suka taru a kansa har asuba ba ya ƙarewa. Ma'aunin da masu sana'ar suke bi shi ne shafi ɗaya minti ɗaya, watau shafi 5 ya wadatar. Bari mu ƙaddara masu gasa sun ba ku mai gyaran rediyo, da ludayi, da jimlar “Ba haka muka yi da kai ba.” Sai ku ce: wani magidanci ya jibge buhunan masara a ɗakin ajiya yana jiran farashi ya tashi, masara kuwa tana ta raguwa, ga kuma wani huci da ake ji daga ɗakin cikin dare, har iyali suka haƙiƙance fatalwa ce. Ashe babban ɗansa, mai gyaran rediyo, shi ya ɓoye ɗan rediyo a bayan buhuna, suka kuma yi yarjejeniya da ƙanensa, yau wannan ya lulluɓa da farin zane ya ɗebi tiya guda, gobe wancan. A minti na farko ku nuna kakarsu tana ratsa tsakar gida da sanda, tana tafiya da ƙyar tana kukan ƙafa, ku wuce kamar ba kome. Ran nan sai wan ya shiga a daren ƙanen, fararen abubuwa biyu suka yi karo a duhu, kowa ya sandare, har ƙanen ya gane takalmin wansa ya ce cikin raɗa, “Haba Yaya, ba haka muka yi da kai ba.” Suna cikin wannan musu sai suka ji ana ƙwanƙwasa ƙwarya sau uku daga bayan buhuna. Rediyon kuwa ga shi a hannun wan, ga baturansa a ɗaya hannun. A nan ne za ku ja tsirkiya iyakar ja, tocila tana dishewa, su biyun suna matsawa taku taku, kowa na tura ɗan'uwansa gaba, har haske ya sauka kan kakar zaune bisa buhu da ludayi tana shan furar da take ɓoyewa, ta dube su ta ce, “Mai gidana, miƙo tiyar nan, ai ni ma da kasona.” Bayan an raba an nufi ƙofa, sai ƙwaryar da ta bari ta sake ƙara sau uku, wanda ya riga kowa fita kuwa ita ce kakar, ta yar da sanda ta tsallake dokin ƙofa. Hoton ƙarshe ya nuna wa mai kallo kaɗai kyanwa tana lasar ludayi.

A lura da yadda abin ya tafi hawa uku, kowane hawa da tsoronsa da sakinsa, da yadda aka dasa sandar tun farko domin a girbe ta a ƙarshe, da yadda abubuwa ukun da masu gasa suka bayar suka zama ginshiƙan labarin maimakon a liƙa su a gefe, abin da alƙalai suke saurin ganewa. Wasan jika da kaka kuwa ba ya bukatar bayani ga Bahaushe.

Daren wannan fim da rana za a yi shi. Ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, in an toshe tagar da bargo aka rataya wani a ƙofa, aka cusa tsumma a kafofin rufi, ya zama tsakar dare da hantsi. Sai dai duhun fim ba rashin haske ba ne, domin kyamarar waya in ta rasa haske takan cika hoto da dusa-dusa. Abin da ake so shi ne haske guda mai ƙarfi daga gefe ɗaya, sauran wurin a bar shi baƙi. Fitilar sola da aka ɗora can sama a gefe, aka rufe ta da shuɗiyar leda marar kauri, takan ba da kamannin farin wata. Tocilar da aka haska daga ƙarƙashin haɓa takan mayar da fuskar kowane salihi abin gudu, tun da ido bai saba ganin inuwa tana hawa sama ba. Wadda aka ajiye a bayan mai farin zane kuwa takan fitar da siffarsa ta ɓoye fuskarsa, wannan ya fi kome amfani. In fuska ta yi duhu ƙwarai, a kara farin faranti ko murfin tukunya a ɗaya gefen ya maido da haske kaɗan. Kada a kunna aci-balbal ko kyandir kusa da buhuna da zannuwa. A riƙa kuma buɗe ƙofa tsakanin ɗauka da ɗauka, gama rufaffen ɗaki da mutum bakwai yakan galabaitar da mutane, waya ma takan yi zafi ta tsaya da kanta. Shi ya sa kaka da hunturu suka fi bazara dacewa da wannan aiki.

Game da kyamara, a goge gilashinta, a kwantar da wayar a kaikaice sai fa in gasar ta nemi a tsaye, a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka, a danna kan fuskar ɗan wasa a riƙe har haske da saiti su kulle, in ba haka ba duk lokacin da tocila ta gifta hoton zai yi ta numfashi. Kada a jawo hoto da yatsa. Mai ɗauka ya taka da ƙafarsa. Ma'aunin 1080 ya wadatar, yana kuma iya cin fiye da megabait 100 a kowane minti, don haka a share wuri kamar gigabait 10 tun daren Alhamis. Buhun hatsi ko kifaffen turmi sun isa madogara. In ana son nuna wani abu yana rarrafowa da gudu ba tare da an gan shi ba, a bi dabarar Sam Raimi a fim ɗinsa The Evil Dead na 1981, inda aka ɗaure kyamara a tsakiyar katako mutum biyu suka riƙe bakinsa suka ruga da shi ƙasa ƙasa. Tsoro yana son kusanci, ido da gumi da yatsun da ke rawa. Dariya kuwa tana son a ja da baya a ga mutum gaba ɗayansa, shi ya sa gudun kaka za a ɗauke shi daga nesa, a hoto guda ba yanka. A rubuta jerin hotunan da za a ɗauka tun da dare, a fara da fitowar dattijuwar domin a sallame ta da wuri, kada kuma a maimaita ɗauka fiye da sau uku sai da larura.

Sauti shi ne inda galibin masu koyo suke faɗuwa, shi ne kuma rabin tsoro, ko ma fiye. Mai kallo yakan yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba ya yafe maganar da bai ji ba. A sami waya ta biyu a ɓoye ta kusa da bakin mai magana, a aljihun gaba ko bayan buhu, tana naɗar murya. A farkon kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, domin mai haɗawa ya daidaita hoto da murya a kan wannan tafin. Babbar matsalar wanda ya mayar da rana dare ita ce kunne ba ya ruɗuwa kamar ido: injin niƙa, da carar zakara, da babur, da tallar yara, duk za su tona asiri. A roƙi mai injin ya faɗi sa'o'in da yake hutawa a yi maganganu a cikinsu, abin da ya ɓaci kuma a sake naɗarsa daga baya a ɗakin da aka lulluɓe da katifa da barguna. Kukan gyare da haushin kare na nesa a naɗe su daren Jumma'a daga tsakar gida, ba sai an fita ba. Sauran kuwa duk ƙirƙira ce: karan dawa busasshe in an karya shi a bakin waya ƙashi ne, tsintsiyar da aka ja a hankali kan tabarma jan jiki ne, ƙyauren langa-langa mai tsatsa ba ya bukatar taimako, hura iska a bakin tulu huci ne, turmin da aka cusa wa tsumma aka buga da tafin hannu bugun zuciya ne. Ihu kuwa a yi shi cikin matashin kai a rufaffen ɗaki, a ƙara masa ƙarfi wurin haɗawa. Kuma a sani, shiru na daƙiƙa uku gabanin ƙwanƙwasar ƙwarya ya fi kowane kiɗa aiki.

Kayan kwalliya ƙasar nan ta wadata da su. Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasa. In an tankaɗe ta aka dama da ruwa kaɗan aka shafa, ta bushe ta tsattsage a fuska, ba kantin da zai sayar muku da abin da ya fi ta, sai a zagaye idanu da garin gawayi, a kiyaye kada ko ɗaya ya shiga ido. Jini, in labari ya bukace shi, zoɓo ne mai kauri da sukari da ɗan sitaci, a ɗiga garin kofi ya dusashe jansa, a kuma sa tsofaffin tufafi domin ba ya fita da sauƙi. Alfred Hitchcock ma da ruwan cakulan ya yi jini a Psycho a 1960, da yake fim ɗin baƙi da fari ne. Amma ni a ganina a taƙaita jini a nan, saboda dalilin da ya gabata. Baƙin zaren ɗinki yana jan ludayi ko ya kaɗa zane ba a gan shi a duhu ba. Ɓacewa kuwa dabarar Méliès ce har yau: a kafe waya kada ta motsa, kowa ya daskare, mai farin zane ya fita, a ci gaba, a yanke tsakiyar.

'Yan wasa su riƙe abu guda, watau kada wanda ke cikin labarin ya san cewa abin dariya yake yi. Salon camama da marigayi Rabilu Musa Ibro ya shahara da shi, inda ɗan wasa yake sakin baki yana ƙago magana nan take, baiwa ce da Allah ya ba shi, amma a fim ɗin minti 5 tana cinye lokaci, tana kuma sassauta tsoron da aka sha wahalar ginawa. Wan nan na labarinmu da ƙanensa su ji tsoro da gaske, su yi raɗa da gaske. Mu ne za mu yi dariya.

Mai haɗa hoto kada ya jira a gama. Tun azahar ɗin Asabar a riƙa tura masa abin da aka ɗauka, a kuma ajiye kwafi a waya ta biyu. CapCut ko KineMaster sun isa a waya, in an kula kada tambarinsu ya fito a kan hoton. Mai kwamfuta kuwa yana da DaVinci Resolve kyauta. A gama ɗauka kafin la'asar, a sami haɗin farko kafin a kwanta. Da safiyar Lahadi a kira wani wanda bai san labarin ba a nuna masa, ku kuwa ku dubi fuskarsa, kada ku dubi wayar. Inda ya waiwaya ko ya gyara zama, nan ne za a yanke, ko da hoton da kuka fi ƙauna ne. Kiɗan Indiya da waƙoƙin mutane haramun ne a gasa in ba da izini ba, kuma mai gurmi ko mai sarewa na gari, in ya yarda ya ba ku minti biyu, ya fi su dacewa. In alƙalai ba Hausawa ba ne a sa fassara a ƙasan hoto, gajeriya, layi ɗaya ko biyu, a tabbata kuma jimlar gasa ta fito daidai da yadda aka ba da ita. Wanda ke nufin sayar da fim ɗinsa daga baya ya tuna da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano, ta 2001, in kasuwar Kano yake nema.

Saura miƙawa, wadda ita ce takan kayar da waɗanda suka yi kome daidai. Da azahar ɗin Lahadi a fitar da kwafi cikakke, ko da akwai sauran gyara, domin ya zama abin riƙo. A matse shi ya koma 'yan ɗaruruwan megabait. Sabis a yankinmu ba abin dogaro ba ne, waɗanda kuma suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun san haka. Saboda haka a tanadi layi biyu na kamfanoni dabam dabam, a gwada tura wani babban bidiyo tun ranar Laraba daga wurin da ake nufin turawa, a auna minti nawa ya ci. In gasar ta wata ƙasa ce a lissafa bambancin agogo a rubuta shi a bango. Idan kuwa ya zama dole sai an je Malumfashi ko Funtuwa neman sabis mai ƙarfi, mai haɗa hoto da mutum guda su kama hanya da rana tsaka, su ƙarasa gyaran a can, su tura da sauran awa uku a hannu, su kwana wurin 'yan'uwa, su dawo ran Litinin da hantsi.